Littafin da Amarya Ke Rubuta Maza a Ciki

Ranar Asabar da hantsi Yaya Babba ta yi sallama gidan ƙaninta, ta same shi shi kaɗai a falo, ya baje cikin wata fanka a kan tabarma yana gyara. A gida Auta ake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. A waje kuwa Injiniya ne, saboda gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki da yake yi. Ta tambayi Amarya, ya ce tana wurin aiki, Asabar ce ranar da kantinsu ya fi cika. Yaya Babba ta taɓe baki, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin amaryar wata bakwai da ake zuwa gidanta a sha ruwa daga hannun miji ba. Auta ya yi dariya, ya tashi ya shiga kicin.

Yaya Babba irin matan nan ce da ba sa iya zama a ɗakin mutane hannunsu a kan cinya. Kafin ya dawo ta ɗaga matashin kujera, ta leƙa bayan talabijin, ta shafa saman teburi ta duba yatsanta. A ƙarƙashin teburin ta ci karo da wani ɗan littafi mai baƙin bango, an cika shi taf da rubutun hannu an ɗaure da roba. Ta zare robar, ta buɗe tsakiya, ta fara karantawa.

"Dogo, fari, mai shuɗiyar riga. Sha ɗaya da minti goma. Ya shafa wuyan riga sau biyu, ya waiga, ya duba agogo, ya fita."

Ta buɗe gaba. "Gajere mai saje. Ya daɗe a tsaye. Ya ce zai dawo jibi." Ta ƙara buɗewa. "Mai gilashi ya dawo yau, karo na uku. Shi kaɗai ya zo, bai zo da matarsa ba."

Shafi bayan shafi, duk maza ne, babu mace ko ɗaya. Da Auta ya fito da kofin ruwa ba ta karɓa ba, sai ta miƙa masa littafin ta ce, "Ungo, zo ka ga karatun da ka yi ta kai ta a bayan babur."

Gaskiya ne shi ya riƙa kai ta. Tun suna neman aure Amarya take karatun digiri na biyu a fannin kasuwanci, kuma shekara biyu cur Auta yana rufe shagonsa duk ƙarshen mako ya ajiye ta a ƙofar aji, ya dawo da yamma ya ɗauke ta. Shi takardarsa ta tsaya a difloma, amma ranar da ta gama ya fi ta murna. Ba a jima da biki ba wani babban kanti mai hawa uku ya ɗauke ta a matsayin mai koyon aikin manaja, aka damƙa mata sashen kayan maza, wanda ya daɗe ba ya ciniki. Manaja ya ba ta wata uku ta gano dalili. In ta gano, sashen ya zama nata, in ba ta gano ba a ba wani.

A makaranta wani malaminsu ya sha faɗa musu cewa rasit yana ba da labarin wanda ya saya ne kawai. Wanda ya shigo ya zagaya ya fita hannu rabbana, babu takardar da ta san da shi, sai in mutum ya tsaya ya kalle shi da idonsa ya rubuta. Wannan magana ta zauna wa Amarya a kai. Shi ya sa kullum take samun lungu a sashenta ta tsaya da biro, tana rubuta abin da kowane namiji ya taɓa, inda ya tsaya, da inda ya haƙura ya juya. Wannan littafin ya cika ne ta ajiye shi a gida ta buɗe sabo.

Sai dai duk wannan bayanin ba ta taɓa yi wa mijinta shi ba, kuma a nan ta yi wauta. In ta dawo a gajiye ya tambaye ta me take ta rubutawa haka, sai ta ce, "Aiki ne kawai, ba za ka gane ba." Yakan yi murmushi ya bar zancen. Amma maganar ba ta fita masa a rai.

Don haka da ya karanta shafi uku a tsaye, bakinsa ya ce wa yayarsa ai wannan harkar aiki ce, shi kansa kuwa bai gamsu da hakan ba. Yaya Babba ta karɓe littafin ta jefa a jaka, ta ce aikin ne za a je a yi wa Umma bayaninsa.

Washegari aka taru a ɗakin Umma, mahaifiyarsu. Umma tana zaune bakin gado, Auta a gefen ƙofa, Amarya ta durƙusa a kan darduma ba ta san laifinta ba sai da ta ga littafinta a hannun Yaya Babba. Ita kuwa Yaya ta gyara murya ta shiga karatu, tana jan kowace kalma, in ta zo kan "bai zo da matarsa ba" sai ta dakata ta kalli kowa ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka rubuta a tsaye cikin hayaniyar kanti, da aka karanta shi a wannan ɗaki da wannan murya, sai ya koma wani abu dabam, har ita Amarya ta ji kunyar jin sa.

Umma ta tambaye ta ko rubutunta ne, ta ce nata ne. Ta tambaye ta su waye waɗannan maza, ta ce ba ta san sunan ko ɗaya ba, kwastomomi ne. Daga nan ta fara bayani, amma haushi ya riga ya hau mata kai, sai ta ɗauko manyan kalmomin aji tana jerawa, rabi Turanci, babu mai gane inda ta dosa. Yaya Babba ta katse ta, ta ce a yi musu magana da harshen mutane. Amarya ta juya ta ce, "Yaya, wannan abu ne na ilimi, sai wanda ya karanta shi."

Umma ta dube ta ta ce:

"Mun ji, mu ba mu karanta ba. Amma wanda bai karanta ba ma ya san matar aure ba ta ƙirga zuwan mijin wata. Ki gama musu watan nan, ki ajiye aikin."

Amarya ta ɗaga ido ta dubi mijinta. Kalma ɗaya take jira. Ya san ta, ya san ranakun da ta kwana kan littafi, ya san ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Auta ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur. Wannan shirun ya fi hukuncin Umma yi mata zafi, kuma shi ya sa ta kuka, ta yi ta yi har suka isa gida.

Ƙarshen watan nan shi ne kuma ƙarshen wata ukun da Manaja ya ba ta. Saura kwana goma sha biyu. Ta yanke wa kanta ba za ta yi rigima ba, ba za ta kai ƙara gidansu ba, ba kuma za ta roƙi mutumin da ya kasa buɗe baki a kanta ba. Tana tashi ta yi aikin gidanta, ta gaishe shi, ta fita. Shi kuma zargi ya shige shi ya yi kaka-gida. Abin da bai taɓa lura da shi ba duk ya dawo yana gani. In ta shigo sai ya ji ƙamshin turaren maza a mayafinta, ya manta kwalaben gwaji a sashenta suke. In wayarta ta yi ƙara sai kunnensa ya miƙe. Wata rana ta fito daga wanka ta same shi riƙe da mayafin nata a hanci. Ya ce wai yana duba ko ya bushe ne. Ta karɓa ta ninke.

Yaya Babba kuwa ba ta bar wutar ta mutu ba. Kullum sai ta kira shi, yau ta ce wata ƙawarta ta ga Amarya a laɓe bayan ginshiƙi tana bin wani da kallo, gobe ta ce ita ba ta ce an yi wani abu ba, tana dai tausayinsa ne. Auta yana son matarsa, wannan ba a shakka. Amma yana ganin ta fi shi karatu, tana yini cikin masu manyan riguna, shi kuma yana dawowa da baƙin mai a farce. Wannan tunanin ne ya ba maganar yayarsa wurin zama.

Ranar Laraba da azahar ya kasa daurewa. Ya rufe shago, ya ari wata babbar riga wurin maƙwabcinsa mai walda, ya sa hular hana-salla da takunkumin rufe baki da hanci, ya nufi kantin. Ya hau bene na biyu, ya laɓe a layin jakunkunan tafiya yana yi kamar mai duba zif.

Ga ta can a tsaye kusa da ginshiƙi, bayan inda ake rataye bel, da ɗan littafi a hannu. Wani dattijo ya ɗauki takalmi zai gwada, ya duba hagu da dama babu wurin zama. Ya dafa teburin kaya ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya yi tangal-tangal, ya fasa, ya ajiye takalmin. Amarya ta yi wa wani ma'aikaci alama ya kawo kujera daga ofis, amma kafin kujerar ta iso dattijon ya sauka. Ta bi bayansa da kallo cikin takaici, ta rubuta. Can wani saurayi ya ɗauki kwat yana neman madubi. Madubi ɗaya ne a benen, kuma yana can ƙarshe, daidai inda mata suka taru suna zaɓen kayan kwalliya. Saurayin ya yi taku uku, ya hango su, ya dawo ya rataye kwat ɗin ya tafi. Ta rubuta. Rigunan sashen duk a naɗe suke cikin leda, kuma Auta ya ga mutum biyar a jere suna ƙoƙarin cusa yatsa ta bakin ledar don su ji yadin wuyan riga. Sai a lokacin ya gane abin da dogon nan mai shuɗiyar riga yake shafawa.

Akwai wani mai ƙaton agogo da ya matso kusa da ita yana murmushi, yana tambayar wane turare take ganin zai dace da shi. Auta ya zuba musu ido. Amarya ta ja baya taku ɗaya, ta kira ma'aikacin nan ta ce ya taimaka wa Alhaji, ta koma wurinta ko kallo na biyu ba ta yi masa ba.

Minti arba'in Auta ya yi yana buɗe zif yana rufewa. Ya sauka yana gode wa Allah da ba ta gan shi ba.

Bayan magariba ta kawo masa abinci kamar kullum. A gefen faranti ta ajiye sabon littafin a buɗe, ta koma kujera ta zauna. Ya so ya yi kamar bai gani ba, amma idonsa ya riga ya sauka kan shafin.

"Mai takunkumi da hular hana-salla, rigar ta yi masa yawa. Biyu da kwata zuwa uku saura minti biyar. Jaka ɗaya ya riƙe, bai duba kuɗinta ba. Bai zo sayayya ba. Ya zo neman abin da babu shi a kantin nan. Tafiyar mijina ce."

Cokalin ya kuɓuce masa.

Amarya ta ce, "Tun daga kan bene na gane ka. Wata uku ina kallon mazan da ban sani ba, kana tsammanin nawa zai ɓace mini? Na so in zo in ce maka sannu da zuwa, sai na ga in na yi haka za ka ce na gyara halina ne don na gan ka. Shi ya sa na bar ka ka kalla ka ƙoshi." Ta ƙara da cewa, "Aikin in an ce in bari zan bari, Umma uwa ce. Amma ka sa rigar aro ka zo ka laɓe mini, Malam? Da ka tambaye ni mana."

"Na tambaye ki," ya ce a hankali. "Kin ce ba zan gane ba."

Nan ita ma ta ga nata laifin. Ta tuna sau nawa ta faɗa masa haka, ta tuna mutumin da ya riƙa jiran ta a rana a ƙofar aji. Ta sauko daga kujera ta zauna kusa da shi, ta ce ta yi kuskure, girman kai ne, ya yafe mata. Shi kuma ya ce nasa ya fi muni, don ita magana ta faɗa, shi kuwa ya bari an tozarta ta a gabansa ya yi shiru. Dukansu suka yi hawaye. Abincin ya huce a wurin, ita tana buɗe masa shafi ɗaya bayan ɗaya tana bayani da Hausar da kowa ke ji. Kafin ta kai rabi shi ne ma ya gaya mata na'urar sanyin benen tana hura iska kai tsaye kan layin takalma, babu dattijon da zai so ya cire safa a wurin. Ta ɗauki biro ta rubuta.

Saura Umma, kuma Umma ba a tunkarar ta da gardama. Auta ne ya tuna wa matarsa cewa tun kafin a haife shi har ya yi wayo, Umma atamfa take sayarwa a cikin gida, kuma mata daga nesa suke zuwa. Ranar Juma'a da yamma suka je, Yaya Babba ma tana nan. Amarya ta durƙusa ta ba Umma haƙuri kan maganar da ta faɗa, ta juya ta ba Yaya haƙuri. Sannan ta ce tana da tambaya, in Umma ta yarda.

"Umma, lokacin da kike sayar da atamfa, in mace ta shafa turmi ɗaya sau biyu, ta ce ya yi tsada ta tafi, me kike yi?"

Umma ta harare ta, amma bakin tsohuwar 'yar kasuwa bai iya yin shiru ba. "Sai in ɗauke shi in ɓoye. Wannan za ta dawo, ba ta wuce kwana uku."

"In ta zo da ƙawa fa?"

"Ba ta saye. Ƙawa kushewa take. Sai ranar da ta zo ita kaɗai."

Umma ta faɗi haka, sai ta tsaya. Ta miƙa hannu ta ce a ba ta littafin nan da ke jakar Yaya Babba. Ta sa Auta ya karanta mata daga farko, ba tsallake, da muryarsa ta yau da kullum. Ya karanta, ita tana gyaɗa kai, har ta fara sa baki. Ta ce mai gilashin nan matarsa ce ke hana shi, gajere mai saje kuwa ba zai dawo ba, masu cewa jibi ba sa dawowa. Amarya ta ce wallahi bai dawo ba. Umma ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ashe abin da suka yi shekara biyu suna koya a makaranta ke nan, ita a kanta take ajiye nata.

Auta ya gyara zama ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun ranar farko. Ya ce matarsa ce, ya yarda da ita, ya je da ƙafarsa ya gani ya dawo da kunya, yana roƙon Umma ta janye maganarta. Umma ta ce ta janye. Ta dubi Amarya ta ce ta riƙe harshenta, karatu ba ya sa a raina na gaba. Ta dubi Yaya Babba ta ce daga yau in ta je gidan ƙaninta ta zauna inda aka ajiye ta. Yaya ta yi ƙunƙuni cewa ita dai gyara ta so yi, babu wanda ya tanka mata.

A ƙarshen wata Amarya ta kai wa Manaja rahotonta. Aka sa benci a layin takalma aka juya bakin na'urar sanyi, aka kafa madubi biyu a cikin sashen maza, aka fitar da riga ɗaya daga kowace leda aka rataye don mai son taɓawa ya taɓa. Ba a yi wata biyu ba sashen ya farfaɗo, aka tabbatar mata da shi.

Zargi ba ya buƙatar laifi kafin ya shiga gida, shiru kawai yake nema. Mai ilimin da ya raina yi wa nasa bayani ya buɗe masa ƙofa, mijin da ya saurari kowa ban da matarsa ya shimfiɗa masa tabarma. Amarya ta yi haƙuri, haƙurin ya biya ta, amma ta ɗauki lokaci kafin ta daina jin ciwon abin da ya faru, kuma Auta ya san haka.

Shafin da ta rubuta shi a ciki bai shiga rahoto ba. Ta so ta yaga ta ƙona, ya ce ta ba shi. Ya ninke shi ya sa a murfin akwatin kayan aikinsa, inda yake gani kullum in ya buɗe. Har yau in wani ya matso ya rage murya ya ce yana da wata magana a kan matarsa, Auta yakan ce ya dakata, bari ya kira ta a faɗa tana ji.